Alamar Kamfani a Ƙofar Baba Fenti

Baba Fenti bai taɓa iya zama ba. Idan ya je gaisuwa gidan mutane aka miƙo masa kujera, a bakinta yake ɗosanawa, ƙafa ɗaya na kaɗawa, ido na yawo a bango yana neman inda ya kumbura. Kafin a kawo ruwa ya miƙe ya sa farce ya ɓanɓare wurin, ya nuna wa mai gidan da fara'a kamar ya kawo masa tsaraba. Wasu gidajen sun daina gayyatarsa taro. Wasu kuma sai sun yi sabon fenti kafin su gayyace shi, kuma shi ɗin dai ake kira ya yi.

Ya fara sana'ar yana ɗaukar wa ubangidansa bokiti, ya hau tsani tun gemu bai fito masa ba, bai sauko ba sai da gwiwa ta ce ta gaji. A tsakani ya shafe rabin unguwarmu: makarantar firamare, asibitin shan magani, shagunan bakin titi, da gidan wani ɗan kasuwa da ke canza launi duk lokacin da ya canza mota. Yanzu ƙananan ayyuka yake karɓa, ƙofa ko taga ko allon shago. A bayan gidansa akwai wani ɗan ɗaki da ba mai shiga sai shi, cike da gwangwanayen ragowar fenti a jere, kowanne da ɗigon launinsa a kan murfi. Matarsa, wadda duk titin ke kira Inna, ta ce da haka ya tattala 'ya'yansa da ba wanda ya tafi.

Sun tafi kuwa. Babban, wanda ƙannensa ke kira Yaya, aiki ya kai shi babban birni, tafiyar yini guda a mota. Mata biyun da ke bin sa aure ya kai su nesa. Saura Auta. Baba Fenti bai taɓa buɗe baki ya ce kada ta tafi ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake leƙa ɗakinta da safe, wai yana duba ko silin na yoyo, a cikin rani, ya san ranar da yarinyar nan ta fita gidan zai yi masa faɗi.

Tace bidiyo Auta take yi. Masu ɗaukar hoton taro da masu tallan kaya su turo mata abin da suka ɗauka birjik, ta zauna gaban kwamfuta ta yanke, ta haɗa, ta gyara sauti, ta mayar musu. Hannunta na da kyau, har daga wasu garuruwa ake nemanta. Mayarwar ce tashin hankali. Aikin da ta gama da hantsi sai ya wuni yana rarrafe. A tagar ɗakinta akwai ƙusa, can sama a kusurwar hagu, inda dogon bincike ya tabbatar nan ne sabis ke sauka. Nan take rataye wayarta cikin tsohuwar safa, ta jona kwamfutar da ita, ta zuba wa allon ido. Ɗan koren zaren da ke nuna tafiyar aikin ya ja jiki, ya ja jiki, ya kusa ƙarshe, sai gajimare ya gitta ya koma farko. Sai ta cusa kwamfutar a jaka, ta hau motar haya zuwa tsakiyar gari, ta tura a wani shago, ta dawo da ciwon kai.

Duk ƙarshen mako Yaya yana kira. Muryarsa gutsi-gutsi take isowa, amma gutsin da ke isowa kullum ɗaya ne: ta taho, akwai ɗaki, akwai intanet da ba sai an roƙe shi ba. Da an zo wurin, Baba Fenti yake tuna yana da burushi a jiƙe da ya kamata a duba.

Ana cikin haka, wata safiya wasu samari suka sauka a titinmu da riguna masu ƙyalli. Ɗaya yana tura wata 'yar taya ta awo, ɗaya yana bin sa da fentin fesawa. Suka bi gefen kwalta suna fesa alama ruwan lemo: guntun zane nan, kibiya can, da wasu lambobi a karkace kamar tonon kaza. Baba Fenti ya bi su ya sha gabansu.

"Sannunku da aiki, samari. Wa ya koya muku riƙe gwangwani?"

"Baba, alama ce kawai. Nan kebul zai bi."

"Na wuta?"

"Na intanet. A ƙasa za a binne shi, ya shiga gida-gida. Abin da ake wuni ana turawa, kafin ka ajiye kofi ya tafi."

"Yaushe?"

"Ku kuna kashi na biyu. Nan ba da daɗewa ba."

Ya koma gida da sauri irin wanda gwiwarsa ta daɗe ba ta yarda da shi ba. Ya tarar da akwatin Auta a buɗe a kan gado. Ta ce iska take ba kayan.

"Rufe akwatin nan, Auta. Abin da za ki bi zuwa birni ga shi ya biyo ki har ƙofar gida. Fito ki gani."

Ta fito, ta duƙa ta dubi zanen, wanda bai fi taƙi biyu ba.

"Baba, fenti ne wannan."

"To da me kike so a fara?"

"Ba kai kake cewa fenti shi ne ƙarshen aiki ba?"

"Wannan aikin zamani ne, ta baya suke farowa. Ki ɗan dakata mini."

Ta dakata. A mahaɗar titi kamfanin ya kafa allo da hoton wasu iyali suna yi wa kwamfuta dariya, ba a faɗi abin da ta yi musu ba. Bayan allon ba a sake ganin kowa ba.

Damina ta sauka. Fentin fesawa ba a yi shi don ya daɗe ba, kuma ba wanda ya fi Baba Fenti sanin haka. Kullum da safe sai ya fita ya tsuguna ya ga abin da ruwa ya rage. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan alamar ta ɓace, masu tono za su zo su ga ba komai su wuce, in sun wuce kuma akwatin zai sake buƙatar iska. Ranar da kibiyar ƙofarsa ta koma kamar tabon shayi, ya shiga ɗakin baya ya fito da ragowar fenti mai launin ruwan lemo.

Mutum irin Baba Fenti ba ya bin sawun aikin banza. Ya share wurin, ya kafa ƙusa nan da can, ya ja igiya, ya fitar da zane miƙaƙƙe mai faɗin tafin hannu, shafi biyu. Guntayen nan da samarin suka bari a warwatse ya haɗe su suka zama abu ɗaya. Lambobin kuwa da ya kasa karantawa, ya ɗauke su a matsayin ƙazanta ya goge. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga na ƙofarsa ya tona asirin na maƙwabta. Ya ci gaba. Kafin wata ya ƙare ya bi titin daga mahaɗa har ƙarshe.

Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan, kuma tun suna samari suke cin naman juna, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Fenti, kamfanin ne ya ɗauke ka aiki, ko kai ka ɗauki kamfanin?"

"Ka ji da ɗinkinka. Wandon da ka yi mini, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafarka ce ta fi, tsani ya ja ta. In kebul ɗin ya zo ka ce ina gaisuwa, in ina raye."

Wata daminar ta zo ta ci rabin aikin, domin fentin ruwan lemon na haɗin ruwa ne, ba na mai ba, ba ya jure taya da takalmi. Gwangwanin kuma ya ƙare. Baba Fenti ya je kasuwa ya buɗe na sayarwa ya shinshina, ya ce wannan ko kejin kaji ba zai shafa wa ba. A ɗakin baya kuwa yana da babban gwangwanin shuɗi na mai, ragowar aikin asibiti, irin wanda ake mutuwa a bar shi a bango. Ya yi tunani irin na mai sana'a: amfanin alama a gan ta, shuɗi ya fi fitowa a kan kwalta, kuma ba ya gudun ruwa. Ya shafe titin da shi. Gaskiya aikin ya yi kyau. Baƙi har tsayawa suke su tambaya ko wani babba ne zai wuce.

Daga nan ya zama mai gadin zanen. Mota ba ta tsayawa a kansa, mai tura baro sai ya ɗaga taya, Inna kuma ta daina zubar da ruwan wanki ta ƙofar gaba. Da labari ya zo cewa an fara tono a ɗaya gefen gari, sai zama ya ƙare masa gaba ɗaya. Da safe ya sa hula ya fita, ya bi ramin ya ga inda ya kwana, ya tsaya kan masu tono yana ba su shawarar da ba su nema ba. Ya ga kebul ɗin da idonsa a naɗe a wata ƙatuwar taya ta katako, ya taɓa shi, ya dawo yana mamakin ƙanƙantarsa. Wajen cin abinci yake ba da rahoto.

"Yau sun wuce gidan mai. Da ba su tarar da dutse ba da sun kai makaranta."

"Allah ya kawo su," in ji Auta, idonta a kwano.

A makon ne wani mai talla da ya daɗe yana ba ta aiki ya koma wurin wani, saboda bidiyonsa ya isa bayan an tashi daga taron da za a nuna shi. Ba ta faɗa wa ubanta ba. Inna ce ta faɗa masa, tana ninke kaya ba ta dube shi ba.

"Malam, yarinyar nan ba gwangwani ba ce da za ka rufe ka ajiye sai ranar buƙata."

"Na ɗaure ta ne? Ai sun kusa. Sun wuce gidan mai."

"Jiya ma wani abu suka wuce. Yaya ya ce akwai wurin da ke neman mai irin aikinta, kuma ba za su jira a fasa dutse ba."

Ya miƙe ya ce bari ya duba ko wani ya ajiye mota a waje.

Ranar da injin tono ya iso mahaɗarmu, Baba Fenti ya sa rigarsa ta fita. Ya share zanen da tsintsiya tun daga ƙarshe, ya zo ya tsaya a bakinsa hannu a baya, Tela na gefe ya bar ɗinki ya zo kallo. Injin ya yi gurnani, ya juya, ya bar titinmu a hagunsa, ya miƙe ta babbar hanya mai zuwa gada.

Da farko Baba Fenti ya ɗauka kwana zai yi. Da ya ga leburori sun bi shi da shebur, sai ya ruga. Mai kula da aikin wata mace ce da hular kwano, ana kiranta Injiniya, tana duba taswira a allon hannu.

"'Yata, kun yi ɓatan kai. Ga hanyarku can, a share."

"Ina wuni, Baba. Wancan titin? An cire shi ai. Ta tsallaken gada za mu zagaya."

"An cire shi? Wa ya cire?"

"Masu sake duba hanya da suka zo kafin mu. Sun tarar da alamar bututun ruwa daga farkon titin har ƙarshe, daidai inda za mu tona."

"Wane bututu?"

Ta nuna da biro. "Shuɗin can. A aikinmu kowane launi da abin da yake faɗa. Ruwan lemo namu ne, ja na wuta ne, shuɗi na ruwa. Taswirarmu ba ta nuna bututu a nan ba, amma taswira ta sha yi mana ƙarya, fenti kuwa bai cika yi ba. Mun taɓa fasa wani, unguwa ta kwana biyu tana zaginmu. Inda muka ga shuɗi ba ma sa haƙori."

Baba Fenti ya cire hula ya mayar. "Idan kuma babu bututun fa?"

"Haba Baba. Wa zai ɓata fenti mai tsada haka a banza? Dubi yadda ya miƙe, dubi kaurinsa. Na daɗe a aikin nan ban ga alama mai kyau irin wannan ba. Wanda ya ja ta ya san aikinsa."

A duk shekarun da ya yi a kan tsani ba a taɓa yabon hannunsa haka a gaban jama'a ba. Tela ya buɗe baki, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe. Mutanen titinmu suna ƙirga wannan cikin abubuwan mamaki na ranar.

"Ni na ja ta," in ji Baba Fenti. "Taku ce ta goge, na raya muku."

Injiniya ta dube shi, ta dubi zanen, ta daɗe tana sosa goshi da biro.

"Kai, Baba. Da ka bar ta ta goge ai ba komai, hanyar tana cikin na'ura. Yanzu an riga an sauya tsari, an yanko kebul daidai da sabuwar hanya. Ba ni da ikon juyawa. Zan dai kai maganar, a sa ku a kashi na uku."

"Yaushe ke nan?"

"Nan ba da daɗewa ba."

Ta faɗe shi da zuciya ɗaya, da alama ita ma haka aka faɗa mata.

Bai koma gida kai tsaye ba. Ya zagaya ta bayan makaranta, ya bi ta kasuwa, ya tsaya ya dubi wani allon shago da ba ruwansa da shi. Amfanin zagayen kaɗan ne, domin matar Tela ta riga shi isa. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake da ƙarfin da wake bai buƙata ba, Auta kuma a bakin ƙofar ɗakinta.

"Baba, sannu da dawowa. Me suka ce?"

Amsar na bakinsa, "nan ba da daɗewa ba", ya saba da ita, ita yake ba ta tun ranar samarin nan. Ya tsaya a tsakiyar gidan yana juya hula a hannu.

"Sun ce kashi na uku."

"To ai ba laifi," in ji ta da sauri. "Idan suka gama tsallaken gada zan riƙa zuwa can in tura. Ya fi cikin gari kusa. Mota ɗaya ce."

Ya dube ta. Ta riga ta fara lissafin sabuwar wahala, da murmushinta, don kada ya ji kunya.

"Kira Yayanki," ya ce. "Ki tambaye shi ko mutanen nan masu neman irin aikinki sun ɗauki wani."

"Baba, ba sai..."

"Na ce ki kira shi. Hau kujera ki kai kunne wajen ƙusar nan, ki yi magana da ƙarfi ya ji."

Ba su ɗauki kowa ba. Ranar tafiya shi ya ɗauki akwatin zuwa tasha, ya ƙi bari a taya shi, ya yi faɗa da yaron mota a kan inda za a sa shi, ya sake faɗa da direba a kan tayar baya. Da motar ta tashi ya ce wa Inna ta wuce gida, shi yana da wurin zuwa. Ba shi da wurin zuwa, yawo ya yi har rana ta yi sanyi.

Yanzu kebul ya kama aiki a tsallaken gada. Akwai wani shagon buga takardu a can da ke barin mutane su kira 'yan'uwansu ta bidiyo, kuma duk ƙarshen mako Baba Fenti yana zuwa, a ƙafa, wai mota na ɓata masa lokaci. Karon farko ni maƙwabcinsa na raka shi. Mai shagon ya zaunar da shi gaban allo, sai ga Auta ta fito tar, har ɗigon gumi a hancinta ana gani, murya kamar tana gefensa. Ta yi ƙiba kaɗan. Ta tambayi Inna, ta tambayi gwiwarsa, ta ce aiki ya yi mata yawa har tana mayar da wasu. Yana ta gyaɗa kai, ya matso da kujerar, ya fara ba ta labarin abin da Tela ya ce jiya. Wani ya yi mata magana daga gefe, ta waiwaya.

"Baba, yi haƙuri, ana jirana. Sai wani makon, ka gaishe da Inna."

Allon ya yi duhu. Baba Fenti ya juya wajen mai shagon.

"Ya yanke. Sabis ne ko?"

"A'a Baba, nan ba ya yankewa. Ita ta kashe."

Ya ɗan jima yana kallon allon. Sannan ya miƙe ya ce mu tafi, Inna na jiran labari.